Harhaɗa Manhaja da Rumbun Kayan Fuska: Yadda Rubutun Hausa Ke Isa Allon Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarun 1930, lokacin da aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa a rubutun boko na Hausa, duk wata sabuwar na'urar rubutu da ta shigo ƙasar nan sai ta sake tayar da tsohuwar tambaya, wato ko za ta iya fitar da ɓ da ɗ da ƙ yadda suke. Sai da aka zuba musu dalma ta musamman kafin maɗaba'a ta iya buga su. A zamanin tafireta kuwa, sau da yawa akan buga harafin ne sannan a bi shi da alƙalami a lanƙwasa masa kai. Dalilin wannan wahala a fili yake, domin lanƙwasar ita ce ke rarrabe baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da bari da ɓari. Yau tambayar ta koma kan kwamfuta, kuma amsarta tana ɓoye a wani mataki da masu nazarin harshe ba safai suke leƙawa ba, wato lokacin da ake harhaɗa manhaja da rumbun da ke zana mata fuska.

Garin Gwagwalada wuri ne da ya dace a dubi wannan al'amari daga cikinsa. Shi ne hedikwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Yankin Babban Birnin Tarayya, kuma a nan ne Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, ta fara karatu a 1990, kafin gwamnatin tarayya ta amince a ƙarshen 2024 a sauya mata suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon. A Sheda, kusa da garin, akwai hedikwatar hukumar NERDC wadda daidaita ƙa'idojin rubutu da kalmomin fannu na harsunan Nijeriya ke cikin ayyukanta. Ga kuma Gbagyi da Bassa da Fulani da Hausawa da sauran al'ummomi suna cuɗanya a kasuwa, inda Hausa take daga cikin manyan harsunan ciniki. Ke nan masu rubuta manhaja da masu nazarin harshe da masu buƙatar aikinsu duk suna zaune wuri guda. Wannan maƙala za ta bayyana ma'anar harhaɗawa da matakanta, sannan ta bi sawun harafin Hausa tun daga fayil har zuwa allo, domin a gane inda akan yi tuntuɓe da kuma wanda gyara ya rataya a wuyansa.

2.0 Ma'anar Keɓaɓɓun Kalmomi

Manhaja jerin umarni ce da kwamfuta ke bi domin gudanar da wani aiki. Ɗan Adam yakan rubuta wannan umarni da wani harshe na musamman da zai iya karantawa, kamar harshen C wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, kuma wannan rubutu shi ake nufi da rubutun tushe. Ita kuwa na'urar ba ta fahimtar komai sai lambobi, wato harshen inji. Harhaɗawa ita ce juya rubutun tushe zuwa harshen inji tare da ƙulla shi da sauran sassan da yake dogaro da su, kuma manhajar da ke wannan aiki ita ce maharhaɗi. Fitacce daga cikinsu shi ne GCC, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987.

Fuska kuwa ita ce abin da mai amfani da manhaja ke gani yana taɓawa: taga, da maɓalli, da jerin zaɓi, da gurbin shigar da rubutu. Rumbun kayan fuska tari ne na waɗannan kayayyaki da wasu suka riga suka rubuta suka harhaɗa, domin duk mai bukata ya ɗauka. Ana iya kwatanta shi da aikin gini. Magini ba ya tsayawa ya sassaƙa ƙofa da taga da kansa. Yakan karɓi awonsu daga wurin kafinta ya bar musu gurbi a bango, idan gini ya tashi a kawo su a kafa. Muddin awon da aka ba shi ya saɓa wa ƙofar da aka kawo, to ƙofa ba za ta shiga ba. Yawancin matsalolin da za a ambata a sashe na 4.0 irin wannan saɓani ne tsakanin awo da ƙofa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Rumbunan Fuska

A 1984 aka fara tsarin tagogi na X a jami'ar MIT ta Amurka. Tsarin yana iya ja layi, ya cika murabba'i da launi, ya kuma sanar da manhaja cewa an danna wani madanni, amma bai tanadi maɓalli ko jerin zaɓi ba. Wannan giɓi ne ya haifar da rumbuna irin su Motif a ƙarshen shekarun 1980 da Tk na John Ousterhout a farkon shekarun 1990. A ƙasar Norway, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng sun fitar da rumbun Qt a 1995, wanda a kansa Matthias Ettrich ya fara gina KDE a Jamus a 1996.

Shi kuwa GTK ya samo asali ne daga wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, waɗanda suka rubuta manhajar gyaran hoto ta GIMP. Da farko sun dogara da Motif, wanda a lokacin sai an biya kuɗin lasisi, daga baya suka rubuta nasu rumbun. A 1997 Miguel de Icaza da Federico Mena na ƙasar Meziko suka zaɓe shi domin gina GNOME, saboda a wancan lokaci lasisin Qt bai ba kowa cikakken 'yancin gyarawa da rarrabawa ba. Siga ta 1 ta GTK ta fito a 1998, ta 2 a 2002, ta 3 a 2011, ta 4 kuma a Disambar 2020, watan da siga ta 6 ta Qt ita ma ta fito.

Ta fuskar harsunan Nijeriya, shekarar 2002 ce ta fi muhimmanci a wannan jeri. A siga ta 2 ne GTK ya mayar da dukkan rubutunsa bisa tsarin Unicode, ya kuma danƙa aikin shimfiɗa rubutu ga wani rumbu mai suna Pango wanda Owen Taylor ya jagoranci rubutawa. Daga nan ne ya zama duk manhajar da aka harhaɗa da GTK ta gaji ikon nuna haruffan Hausa, ko da marubucinta bai taɓa jin sunan harshen ba.

4.0 Matakan Harhaɗawa

A ɗauka wani ɗalibi a Gwagwalada yana son rubuta ƙaramin ƙamus na Hausa da Gbagyi, mai taga ɗaya da gurbin neman kalma da maɓalli. Zai ajiye rubutun tushe a fayil mai suna kamus.c. A kan fayil ɗin zai rubuta:

#include <gtk/gtk.h>

A cikinsa kuma, inda yake son maɓalli, zai rubuta:

gtk_button_new_with_label ("Buɗe ƙamus");

Sannan ya ba da umarnin harhaɗawa kamar haka:

gcc $(pkg-config --cflags gtk4) -o kamus kamus.c $(pkg-config --libs gtk4)

Wannan layi guda ya ƙunshi matakai uku, akwai kuma na huɗu da ke aukuwa duk lokacin da aka buɗe manhajar.

4.1 Share Fage

A mataki na farko ana neman fayil ɗin gtk.h a kwafe abin da ke cikinsa a zuba a rubutun tushe. Irin wannan fayil na sanarwa ne kawai. Yana faɗin sunan kowane aiki da rumbun ke iya yi, da abin da za a miƙa masa, da abin da zai mayar, amma ainihin aikin ba ya ciki. Shi ne awon ƙofa a misalin da ya gabata. Shi kansa gtk.h yana janyo wasu fayilolin sanarwa masu yawa na rumbunan da GTK ke tsaye a kansu, kamar GLib da Pango da Cairo, kuma kowanne yana da nasa mazauni a cikin kwamfuta. Saboda haka ne ake amfani da pkg-config, wata 'yar manhaja da ke karanta fayil mai suna gtk4.pc ta sanar da maharhaɗi duk wuraren da zai duba.

A nan ne sabon shiga ya fi yin tuntuɓe. Yakan ga kwamfutarsa cike da manhajojin da ke aiki da GTK, amma maharhaɗi ya ce masa babu gtk/gtk.h. Dalili shi ne masu rarraba Linux sukan raba rumbu gida biyu: kashin da manhaja ke buƙata domin ta yi aiki, da kashin da mai rubuta manhaja ke buƙata domin ya harhaɗa. Na farko yakan zo tare da babbar manhaja, na biyu kuwa sai an sauke shi dabam. A Debian da Ubuntu sunansa libgtk-4-dev, a Fedora kuma gtk4-devel.

4.2 Juyawa Zuwa Harshen Inji

A mataki na biyu maharhaɗi yana bin rubutun yana auna kowane kira da sanarwar da aka ba shi. Idan an miƙa wa aiki lamba a inda yake jiran rubutu, zai yi gargaɗi ko ya tsaya. Idan komai ya daidaita, sai ya fitar da fayil na harshen inji wanda ke da gurabe a duk inda aka kira aikin rumbu. Kalmomin "Buɗe ƙamus" kuwa ana kwafe su ne cikin wannan fayil a matsayin jerin lambobi, kuma a bisa tsarin da aka saba maharhaɗi ba ya duba ko rubutun Hausa ne ko waninsa. Abin da aka zuba shi zai fito, daidai ko kuskure.

4.3 Ƙullawa

A mataki na uku wata manhaja, mai ƙullawa, tana ɗaukar kowane gurbi ta nemo aikin da ya dace da shi a cikin rumbuna. Idan ba a ambaci rumbun ba, sai ta yi ƙorafi da saƙon Ingilishi mai cewa undefined reference, wato an kira suna ba a ga mai shi ba. Jeri ma yana da tasiri, domin mai ƙullawa daga hagu zuwa dama take bin umarnin, tana neman abin da aka riga aka nuna mata ana buƙata. Shi ya sa a misalin da ke sama aka sanya sunayen rumbuna bayan kamus.c.

Ƙulli iri biyu ne. Akwai na dindindin, inda ake kwafe ayyukan rumbu a cusa su cikin manhajar, ta yi nauyi amma ta tsaya da ƙafarta. Akwai kuma na aro, inda ake rubuta sunan rumbun kawai, a bari sai lokacin aiki a ɗauko shi. Da na aro aka fi harhaɗa GTK, kuma lasisinsa na LGPL ya yarda ko manhajar sayarwa ta ƙullu da shi ta wannan hanya.

4.4 Lokacin Aiki da Saɓanin Siga

Duk sa'ad da aka buɗe manhajar, babbar manhaja takan nemo rumbun da aka ambata, wanda a Linux sunansa libgtk-4.so.1, ta ɗora shi a ƙwaƙwalwar na'ura. Umarnin ldd yana jero duk rumbunan da manhaja ke aro. Wannan ne ya sa ƙamus da ya yi aiki lafiya a kwamfutar ɗalibi zai iya ƙin buɗewa a ta malaminsa, idan can siga ta 3 kaɗai ke akwai. A Windows kuwa, inda GTK ba ya zuwa tare da babbar manhaja, dole a haɗa fayilolin rumbun masu ƙarshen .dll a rarraba su tare da manhajar.

A cikin babbar siga guda, abin da aka harhaɗa da tsohuwar fitowa yakan yi aiki da sabuwa. Amma daga babbar siga zuwa wata, awon kan canja. Ayyuka irin su gtk_main da gtk_container_add da gtk_box_pack_start, waɗanda littattafan koyarwa na siga ta 3 suka cika da su, an cire su a siga ta 4. Haka kuma ba a gwama manyan sigogi biyu a cikin manhaja ɗaya. Ƙaura daga siga zuwa siga aiki ne mai cin lokaci, har ita kanta GIMP, wadda dominta aka ƙirƙiro GTK, ba ta bar siga ta 2 ba sai a Maris na 2025. Darasin da ke nan ga mai shirya ƙamus shi ne ya ajiye kalmominsa a fayil dabam da fuskar manhaja, domin fuska takan tsufa, kalmomi kuwa ana buƙatarsu har gobe.

5.0 Tafiyar Harafi Daga Fayil Zuwa Allo

5.1 Lambar Harafi

Tsohon tsarin ASCII gurabe 128 gare shi, kuma babu harafi mai lanƙwasa a ciki. Tsarin ISO 8859-1 na Yammacin Turai ya kai 256, shi ma babu su. Saboda haka a shekarun 1990 masu buga Hausa da yawa sun bi wata dabara, wato a zana ƙ a gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba. Rubutun yakan yi kyau a kwamfutar da ke da wannan zubin haruffa, da zarar an kai shi wata sai ya rikiɗe. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: Ɓ tana da U+0181, ɓ U+0253, Ɗ U+018A, ɗ U+0257, Ƙ U+0198, ƙ U+0199. Harafin ƴ, wanda ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar a inda Nijeriya ke rubuta 'y, yana da U+01B4.

Hanyar da GTK ke ajiye waɗannan lambobi ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A cikinta harafin boko na yau da kullum bayit ɗaya yake ci, mai lanƙwasa kuwa biyu. Idan wata manhaja ta karanta waɗannan bayit biyu da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai ta ɗauke su haruffa biyu ne dabam, ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki. Duk wanda ya ga irin wannan rubutu ya sani harafin bai ɓata ba, karatunsa aka yi da ma'aunin da ba nasa ba, kuma ana iya dawo da shi.

5.2 Zubin Haruffa

Lamba ba ta da siffa sai an samo mata sura daga zubin haruffa. A Linux, Pango yakan tambayi rumbun Fontconfig wane zubi ne ke da harafin, rumbun HarfBuzz ya tsara surori da tazararsu, FreeType ya zana su. Akwai wani abin lura game da Hausa a nan. Ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin nazarin furuci ne a jadawalin Unicode, alhali manyansu da ƙ suna wani rukunin. Don haka akan sami zubin da ke da ƙ amma babu ɗ. A irin wannan hali Fontconfig yakan aro harafin daga wani zubi, sai a ga harafi ɗaya a tsakiyar kalma ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo. Idan babu zubin da ke da shi ko kaɗan, Pango yakan zana ɗan akwati da lambar harafin a ciki. Zubi irin su Charis da Andika da Gentium na cibiyar SIL, da DejaVu, da Noto Sans na kamfanin Google, duk suna ɗauke da haruffan Hausa, kuma kyauta ne.

Mai nazarin harshe yana da ƙarin buƙata, wato alamomin karin sauti da tsawon wasali. Wasali mai alamar tsawo da ta karin sautin ƙasa a lokaci guda, kamar ā̀, ba shi da lamba guda. Ana rubuta ā ne a bi ta da alamar da ke hawa kanta. Haka r̃ da wasu ƙamusoshi ke amfani da ita domin rarrabe ra-gare da ra-kaɗe. HarfBuzz ne ke ɗora alamar a mazauninta, bisa bayanin da mai zana zubin ya tanada. Tun da Gbagyi ma harshe ne mai karin sauti, ƙamus ɗin da aka yi misali da shi ba zai wadatu da zubin da bai iya wannan ba.

5.3 Ƙirga da Jerantawa

Harhaɗawa da rumbu mai fahimtar Unicode ba ta wadatar ba idan marubucin manhaja ya ci gaba da kiran tsofaffin ayyukan harshen C. Aikin strlen bayit yake ƙirgawa, don haka zai ce kalmar ɗaɗɗaya tsawonta 10 ne alhali haruffanta 7 ne. Idan aka yanke rubutu bisa wannan ƙirga, ana iya raba harafi mai lanƙwasa biyu. GLib ya tanadi g_utf8_strlen domin ƙirga haruffa, da g_utf8_strup domin mayar da ƙ zuwa Ƙ.

Jerantawa ta fi wannan tsanani ga ƙamus. Lambar z ita ce 122, ta ƙ 409, ta ɓ 595, ta ɗ 599. Idan aka jera kalmomi bisa lamba zalla, sai ɓarawo da ɗalibi da ƙasa su koma bayan zuma, kuma ƙasa ta riga ɓarawo. A abacadar Hausa kuwa ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k. Aikin g_utf8_collate na GLib da QCollator na Qt suna jerawa bisa tsarin yankin da aka zaɓa, kuma akwai tsarin yanki na Hausar Nijeriya mai suna ha_NG. Har ila yau akwai batun alhamza a kalmomi irin su ma'ana da 'ya'ya. Alamar da ke kan allon madannai alamar rubutu ce a wurin Unicode, don haka manhaja na iya yanke ta daga farkon kalma, amma U+02BC harafi ce cikakkiya. Wajibi ne mai shirya ƙamus ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kanta, in ba haka ba mai neman kalma zai rasa ta alhali tana ciki.

5.4 Ajami

Ajami daga dama yake tafiya zuwa hagu, kuma harafi yakan canja sura gwargwadon matsayinsa a farko ko tsakiya ko ƙarshen kalma. Rumbun FriBidi ne ke tantance alkiblar rubutu, musamman idan an gwama ajami da boko a layi ɗaya, HarfBuzz kuma ya zaɓi surar da ta dace. Sai dai ajamin Hausa ya gaji salon rubutun Warshu, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, ga kuma ɗigon imala da ke nuna wasalin e. A 2016 Unicode ya ƙara lambobi na musamman domin fa da ƙaf da nun irin na Afirka. Cibiyar SIL ta fitar da zubi mai suna Alkalami bisa salon rubutun Kano, da wani mai suna Harmattan domin harsunan Afirka ta Yamma. Tsohon rumbu ko tsohon zubi da bai san waɗannan sababbin lambobi ba yana iya nuna su a warwatse ko a cikin akwati, wanda ke nuna cewa sigar da aka harhaɗa da ita tana da tasiri kai tsaye a kan rubutu.

6.0 Fassara Fuskar Manhaja

Manhajojin GTK sukan bi tsarin gettext wajen fassara. Marubuci yakan yi wa kowane saƙo alama a rubutun tushe, xgettext ta tsamo su, mai fassara ya cika fayil mai suna ha.po, sannan msgfmt ta harhaɗa shi zuwa fayil mai ƙarshen .mo wanda manhajar ke karantawa lokacin aiki. Qt yana da makamancin haka da ake kira Qt Linguist. Fa'idar tsarin ita ce malamin Hausa yana iya fassara manhaja ba tare da ya taɓa rubutun tushe ba. Amma saƙon da ba a yi wa alama kafin harhaɗawa ba zai ci gaba da fitowa da Ingilishi, komai ƙwarewar mai fassara.

Nahawun Hausa yana da nasa sharuɗɗa a nan. Na farko, jinsi. Ingilishi yana tambayar mai amfani ba tare da ya san namiji ne ko mace ba, Hausa kuwa sai ta zaɓi "ka" ko "kin". Mafita ita ce umarni tsagwaro kamar "Buɗe" da "Ajiye", ko wakilin suna na boye kamar "A goge wannan fayil?" da "An ajiye". Na biyu, jerin kalmomi. Adadi yana bin suna a Hausa, kuma sunan na iya zama tilo, kamar "fayil 3". Idan marubuci ya liƙa lamba a gaban kalma a cikin rubutun tushe maimakon ya bar gurbi a cikin jimla, mai fassara ba shi da hanyar gyarawa. Na uku, ɗafin nasaba na -n da -r yana bin jinsin sunan da ya gabata, saboda haka jimlar da aka gina daga guntaye takan karye. Na huɗu, saƙon Hausa yakan fi na Ingilishi tsawo. GTK yana faɗaɗa maɓalli gwargwadon rubutunsa, sai fa idan marubuci ya ƙayyade faɗin da hannu.

Game da shigar da rubutu, Linux yana da tsarin allon madannai na Hausa a ƙarƙashin na Nijeriya. Inda ba a kunna shi ba, ana iya danna Ctrl da Shift da U a gurbin rubutu na GTK, a buga 199, ƙ ta fito.

7.0 Rabon Aiki

Daga abin da ya gabata za a ga cewa nauyin ya kasu. Mai rubuta manhaja shi ke da alhakin ajiye komai a UTF-8, da kiran ayyukan rumbu masu sanin Unicode, da yi wa saƙonni alama, da faɗin sigar da ya harhaɗa da ita. Mai nazarin harshe shi zai tsayar da jerin abacada, ya yanke hukunci kan alhamza, ya kuma samar da kalmomin fannu. An riga an aza harsashin irin wannan aiki a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, kodayake shi ya shafi nazarin harshe da adabi ne. Fannin kwamfuta yana buƙatar makamancinsa, domin kada maɓalli guda ya sami suna uku a manhajoji uku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a Gwagwalada sassan biyu suna cikin jami'a ɗaya, ga NERDC a maƙwabta.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi da duk mai duba aikin ɗalibi zai iya yi ko da bai san harshen C ba. A shigar da kalmomin baki da baƙi da ɓarawo da ɗaɗɗaya da ƙasa da 'ya'ya da zuma, a umarci manhajar ta jera su, ta mayar da su manyan haruffa, ta ajiye su, sannan a buɗe fayil ɗin a wata kwamfutar. Manhajar da ta tsallake wannan tana iya ɗaukar Fulfulde ma, tun da ita ma tana amfani da ɓ da ɗ da ƴ.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bayyana harhaɗawa a matsayin aiki mai matakai: share fage, da juyawa zuwa harshen inji, da ƙullawa, da ɗora rumbu lokacin aiki. Ta nuna cewa tun daga 2002 rumbun GTK yake ɗauke da abin da rubutun Hausa ke buƙata, kuma an ci gaba da ƙara wa Unicode haruffan ajami a shekarun da suka biyo baya. Saboda haka idan ƙ ta rikiɗe a allo, ko ɗ ta koma ƙarshen ƙamus, akwai takamaiman wurin da za a duba: tsarin da aka ajiye fayil da shi, ko zubin haruffa, ko aikin da aka kira, ko sigar rumbu. Sauran aikin da ya rage shi ne daidaita kalmomin fannu da ƙa'idar jerantawa, da kuma juya tsofaffin rubuce-rubucen shekarun 1990 zuwa Unicode tun kwamfutocin da ke iya karanta su ba su ƙare ba.